Issufu Da Ƙanƙarar Gidan Alhaji Ɗangana

Idan ka tambayi mutanen Malanville wane ne Issufu mai gyaran kilim, amsar tana ga bakin wanda ka tambaya. Masu sayar da ruwan sanyi a bakin gada za su ce ba don shi ba, da firjinsu ya daɗe da zama wurin ajiye tukwane. Matan unguwar 'yan albasa kuwa sai su rage murya: "Wancan mai baƙin baki? In ya ce abinki za shi mutuwa, to ki shirya." Wannan suna na biyu shi ya bi shi shekara da shekaru. Yanzu kunnuwansa sun tafi, ya rufe rumfarsa, ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana da rai.

A Faraku ya koyi sana'ar, wurin wani Bayarabe mai gyaran firji, ba da daɗewa da samun mulkin kai ba. Da ya dawo gida, kullum bayan sallar asuba sai ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan keke, ya bi gidajen da ke da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ba su da yawa: gidan shugaban duwan, wato kwastan, na kwamandan jandarma, ɗakin haihuwa, sai 'yan kasuwar da ke da injin wuta nasu. Ba kiransa ake yi ba. Yakan yi sallama, ya kafa tsinin turnabis, wato sukundireba, a jikin ƙarfen, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraren cikin mara lafiya.

Bai taɓa ɓoye saninsa ba. Yakan ce wa matan gida: "Ragar gaba ku wanke ta da kanku, ba sai da ni ba. Amma in kun ji ƙaurin waya, ko tana tashi tana mutuwa da kanta, ko tana ruri iskan ba sanyi, ku kashe ku aiko. In kuwa kunka ga ƙanƙara, ko sallah nike ku jira ni bakin masallaci."

Alhaji Ɗangana babban ɗan kasuwar albasa ne, mai ciwon zuciya. In zafi ya yi, numfashinsa sai ya riƙa sarƙewa, shi ya sa aka sa masa kilim a ɗakinsa. A farkon bazarar shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta, na'urar ta fara fitar da ƙanƙara, fara sol, ta lulluɓe ƙarafan gaba. A garin da ƙanƙara ke tsada, gidan ya ɗauki abin albarka. Kowace safiya Hajiya Salamatu, matar Alhaji, sai ta kankare ta da cokali, ta zuba a ruwan shan maigida, ta aika wa maƙwabta a kwano.

Issufu ya zo, ya saurara, ya daɗe bai ɗaga kai ba.

"Hajiya, wagga ba lahiya ba ce. Gaz na yoyo. Ki bar ni in tahi da ita rumfa in like wurin, gobe ko jibi in maido."

Hajiya ta yi dariya. "Issufu, kasuwa ta yi maka sanyi ne? Abin da ke haihuwar ƙanƙara shi za ka ce ba shi da lahiya? Tun da munka saye ta ba ta taɓa yin ƙarhi haka ba."

"Ba ƙarhi ba ne, wahala ce take sha. In an bar ta, zuciyarta za ta ƙone, kuma sai zahi ya yi tsanani za ta yi."

"Ka ji bakinka ko? Kuma ka raba Alhaji da ita har jibi? Tashi ka ba mu wuri."

Ya sake komawa, aka ce Hajiya na barci. Ya kuma komawa, aka bar shi tsaye a zaure har rana ta take.

A tsakiyar watan Afrilu, da azahar, kwamfireso ya ƙone, shi ne abin da Issufu ke kira zuciyar na'urar. Aka aika masa, ya zo. Ya kwaso buhunan albasa na rama daga sito, ya jiƙa su, ya rataye a taga, ya juya fanka ta bayansu, ya nuna wa Rakiya ƙanwar Alhaji yadda za ta riƙa yayyafa musu ruwa. Sannan ya ɗauki kekensa ya fita, bai faɗa wa kowa inda za shi ba.

Washegari labari ya cika kasuwa: Issufu ya yi wa na'urar baki, ya gudu Gaya, garin da ke ƙetaren kogi. Ɗanliti mai kwalekwale, wanda ya ƙetare da shi kogi, ya yi ta rantsuwa cewa neman kwamfireso ya tafi, amma wa ke sauraren mai kwalekwale? Babu irinsa a Gaya. Issufu ya bi hanyar daji har Kamba, cikin Najeriya, ya samu. A kan hanyar dawowa masu tsaron iyaka suka tsare shi kwanaki, suna ta juya ƙarfen suna tambayarsa ko makami ne. Ranar da ya shigo gari, ƙarfen ɗaure a bayan keke cikin tsumma, sai ya ci karo da jama'a suna dawowa daga maƙabarta, sun kai Alhaji makwancinsa. Ya sauka, ya jingine keken, ya bi su ya yi ta'aziyya. Ba wanda ya matsa masa wuri a kan tabarma.

Kai ne, Issufu, ka san kalma ɗaya za ta wanke ka, amma ka ga in ka faɗe ta, a kan mace mai takaba za ta faɗa, sai ka haɗiye. Kai ne aka rufe wa ƙofofi, ba ka daina yin sallama ba. Da albashi ya daina zuwa, ofisoshin gwamnati suka koma toshe ramin kilim da kwali, kai ne ka riƙe na ɗakin haihuwa da guntayen na wasu, har ungozoma Hauwa ta ce ba ta san jarirai nawa suka sha iskarka ba. Ba ka tara komai ba. Ba wanda ya kawo ɗansa ya koya wurinka, don tsoron bakinka, yanzu sanin zai tafi tare da kunnen. Mun gode, ko da yake godiyar ta zo a lokacin da ba za ka ji ta ba. Masu sana'a su yi koyi da kai, su faɗi gaskiyar abu tun yana gyaruwa. Masu gida kuma, in mai gyara ya ce a kashe, a kashe.

Ranar kasuwar da ta wuce yana kwashe rumfa, sai ya ciro ƙarfen nan daga ƙarƙashin benci, yana cikin tsummansa. An sha taya shi, bai sayar ba. Ya ba Ɗanliti ya ce ya kai gidan marigayi, kayan Alhaji ne. Ɗanliti ya kai, ya dire a gaban Hajiya, wannan karon kuma ya ƙi tashi sai da ya gama labarinsa.

Bayan la'asar sai ga Hajiya Salamatu a bakin rumfa, tana dogara sanda. Ta durƙusa kusa da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba wanda zai ji. Issufu ya dubi leɓunanta, ya girgiza kai, ya nuna kunnensa.

"Hajiya, ba ni ji. Sai da ƙarhi."

Ta waiwaya. 'Yan albasa sun bar awo, matan unguwa sun tsaya da kwanduna a ka. Sannan ta miƙe, ta ɗaga murya har masu ruwan sanyi na can ƙarshen layi suka juyo.

"Issufu, ka gaya mini, ni ce na ƙi. Ba bakinka ba ne. Na bari anka ci mutuncinka don kada a dube ni. Don Allah ka yahe mini."