Ranar da Na Shimfiɗa Burtali a Kan Allo Uku

Ko tsufa ya ci ni, ba zan manta da ranar da aka yi zaman sulhu a wani ƙauye kusa da Kwatarkwashi ba. A lokacin ina aikin taswirar gonaki a Gusau. Makiyaya sun ce manoma sun cinye burtali, manoma sun rantse ko taku ɗaya ba su ƙara ba. Damina ta kusa, kowa ya san abin da zai biyo baya idan shanu suka rasa hanya.

Mai gari ya nemi in kawo hotunan da aka ɗauka daga sama. Matsalar ita ce burtalin dogo ne. In na matse shi a allon kwamfutata sai ya koma kamar zare. Don haka na aro allo biyu, na jera su a kan tebur a zaure, na jona wayoyi, aka tada janareto.

Da na kunna, sai duka ukun suka nuna abu ɗaya. Na shiga saitin kwamfutar, na sa kowane allo ya zama ci gaban ɗan'uwansa. Hoton ya bazu, amma a karye: rafi ya tsaya a allon dama, ya ɓullo a na hagu.

"Malam, wagga ba ƙasarmu ba ce," in ji wani manomi. Wasu har sun fara neman takalmansu.

"Baba, a ba ni minti ɗaya," na ce.

Ashe kwamfutar ba ta san yadda na jera su ba. Na ja akwatunan da ke wakiltar allunan a saitin, na mai da kowanne gurbinsa. Nan take rafin ya haɗe, burtalin ya miƙe daga bango zuwa bango.

Ardon makiyayan ya taso, yana bin hanyar da sandarsa har allon tsakiya. Can ya tsaya. A hoton bana, rafi ya zaizaye gefen burtalin, gonakin kuwa suna inda suke tun da can.

"Ashe ruwa ne ya ci," ya faɗa a hankali.

Manomin nan ya ce zai bar kunya biyar ta gonarsa shanu su wuce. Aka shafa fatiha.

Tun daga ranar na gane cewa sau da yawa mutane ba ƙarya suke yi wa juna ba. Kowa ɓangarensa kawai yake gani.