Baffa Tambari, Mai Hana Sare Mangwaro

Ranar Talata, bakwai ga watan Sha'aban, ina cikin garka a Rimawa ina ban ruwa, aka zo mini da labarin rasuwarka, Baffa Tambari. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe injin, na zauna a gindin itacen da kai ka dasa da hannunka.

Kai ne malamin gonar da aka turo mana bayan an gama madatsar ruwa ta Goronyo. Da tsohon babur ɗinka kake zuwa, dashen mangwaro mai aure ɗaure a baya, kana bin gona gona kana rabawa. Mahaifina ya ce shi albasa ya sani, amma ya karɓa don kunyarka.

Itatuwan suka girma, suka yi 'ya'ya. Wata shekara wani ɗan kasuwa ya zo daga Ikko yana neman mangwaron da zai kai ƙasar waje. Ya tsaga ɗaya ya ga tsutsa, ya tsaga na biyu haka, ya shiga motarsa. Washegari mutane suka fito da gatura za su sare itatuwan. Ka iso kana haki, ka tsaya tsakanin maƙwabcinmu Maccido da itacensa, ka roƙe shi ya ba ka shekara guda.

A nan ka nuna mana ɗan ƙaramin ƙudan da ke huda ɓawon mangwaro ya zuba ƙwai. Ka koya mana tsince duk mangwaron da ya faɗo mu binne, da rataya tarko a cikin gorar roba. Da ka dawo daga kwas a ƙasar waje, ka ba mu labarin na'urar da ake bi da kwalayen mangwaro ta cikinta, wani haske ya ratsa su ya lalata ƙwai da tsutsa, ɗanɗano bai canza ba. Inno Kulu, mai sarin mangwaronmu, ta ce ita ba za ta ba jikokinta abin da aka haska ba. Ka yi dariya.

"Inno, mi kika tsoro? Ni da kaina na sha shi, ga ni gabanki lahiya lau."

Ka yi ta bin ofisoshi kan a kawo mana na'urar har ka yi ritaya. Ba ta zo ba, mangwaronmu bai haye teku ba. Amma gatura sun koma ɗaka, yanzu motocin Sakkwato har bakin garka suke zuwa lodi. Da na je duba ka a Wurno kana kwance, ban gama gaishe ka ba ka tambaye ni ko itatuwa sun yi fure.

Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka Inna Azumi, da 'ya'yanka Lauwali da Hauwa'u, da manoman bakin Rima baki ɗaya. Allah ya jiƙan ka, Baffa, ya haskaka kabarinka. Duk wanda ya sha inuwar itatuwan nan, Allah ya kai maka ladan.