Daɓen Tabawa

A watan Janairun 1982 Malam Isma'ila ya fara ganin Tabawa. Bai daɗe da barin aikin akawu ba, ya karɓi makarantar 'yan Arewa ta unguwar Borokiri, can Kudu bakin ruwa, aji biyu da rumfa. Ta zo riƙe da hannun 'yarta Mubina. Mijinta ya rasu, ita kuwa shara take yi a layin masu kifi na kasuwar Creek Road.

"Baiwar Allah, ajin ya cika," in ji shi. "Bencin mutum uku, biyar ke kai."

"Malam, ko a tsaye ne. Ba ta da jiki, ba ta da surutu."

Ya dubi yarinyar, ya jawo kujerarsa ya ajiye mata gaban allo. Shekarar nan kaf a tsaye ya koyar. Mubina tana aji huɗu amai da gudawa ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Kowa ya zaci Tabawa za ta koma Gaya. Ta ce ba za ta bar kabarin shi kaɗai ba, ta ci gaba da shararta.

A 2018 yara sun kai ɗari uku da goma sha biyu, azuzuwa huɗu kacal. Malam Isma'ila ya tsufa, ya koma sakataren kwamiti. Aka yi ta neman gudummawa bayan sallar Juma'a, mahauta suka bayar, masu okada suka bayar. Ɗaki biyu suka tashi, aka rufa kwano, kuɗi suka ƙare. Saura daɓe. Ƙasar Borokiri kuwa ruwa ke tsattsafowa daga cikinta, ɗakin da ba daɓe mai kauri taɓo yake zama, ga tsakuwa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Kwamiti ya yanke cewa in damina ta sauka ba a gama ba, yara sittin za su zauna gida. Malam Isma'ila da hannunsa ya rubuta sunayensu.

Tun ranar da aka haƙa tushe Tabawa ke zuwa da yamma, rabin buhu a ka, ta jibge bayan makaranta. Bawon isam ne, ƙananan dodon koɗin ruwa da matan kasuwa ke cirewa su zubar.

"Tabawa, makaranta ce nan ko juji?"

"Na makaranta ne, Malam. Bar su, ba sa cin abinci."

"Suna dai cin hancinmu."

Ta yi dariya ta wuce. Ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta, bai ƙara tambaya ba. Har ya shirya da masu kura su kwashe buhunan ranar Asabar.

Ranar Alhamis magini Tamuno, ɗan garin, ya zo ɗaukar kayan aikinsa. Ya kwance buhu ɗaya, ya damƙo bawon ya girgiza.

"Malam, tsakuwar me kuke nema? Da wannan muke haɗa siminti a bakin ruwa tun ina yaro. An ma wanke shi, an shanya. Wa ya tara?"

Malam Isma'ila ya ƙirga, buhu ɗari da arba'in da uku. Shekara talatin da wani abu yana taka irin wannan daɓen a gidajen maƙwabta, bai taɓa sunkuyawa ya duba ba.

Ya sami Tabawa kwance a ɗakinta na haya, kwana shida ba ta fita ba. Ya gaishe ta da jiki, ya rasa ta inda zai fara.

"Ki yafe mini, Tabawa. Me ya hana ki faɗa wa kwamiti?"

"Mai shara a kwamiti? Ni dai na ga ya isa kuwa?"

"Har da saura."

"Alhamdu lillahi." Ta maida numfashi. "Ƙafafunka fa, Malam? Shekara guda ka yi a tsaye."

Shi ya ma manta da zancen kujerar.

Ta rasu ranar tara ga Afrilu, saura kwana goma sha ɗaya a buɗe azuzuwan. Aka binne ta a maƙabartar da Mubina take. Ranar buɗewa Malam Isma'ila ya fito da takardar nan mai suna sittin, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya sami wurin zama.