Kunnen mai tukwane

Shekarun baya, bayan an gama yaƙin basasa, ƙanena ya dawo gida Gwaram daga soja. Ɗan badujala ne, mai busa saksafon, babban nan da ake ratayawa a wuya, mai murya kamar bijimi. Nasa ya mutu, ya ce sai ya sayi wani, kuma san huɗar gidanmu za a sayar. Sa ɗaya gare mu, damina na ƙofa.

Wani dillali ya zo da tsofaffin saksafon biyu daga Birnin Kudu, maza suka cika zaure, har da surukaina. Ɗaya an goge shi yana walƙiya, ɗayan ya yi baƙi, har da loɓawa a gindi. Ina tsakar gida ina gyara laka, ina jin ƙanena yana busa su ɗaya bayan ɗaya. Ni maginiyar tukwane ce, ban san ko bihim ba, amma da ƙwanƙwasa ɗaya nake gane mai tsaga. Baƙin nan muryarsa a cike take. Mai walƙiyar, in muryarsa ta sauka ƙasa, sai na ji wani huci na bin bayan sautin.

Na yafa zane na tsaya bakin zaure na faɗa musu. Dillalin ya yi dariya, wai ƙarfen Turawa ba tulu ba ne. Ƙanena, wanda na goya, ya ce, "Yaya, koma wajen lakarki mana."

Ban koma ba. Na ce in muna turara randa, ta inda hayaƙi ya fito nan ne ciwon. Na cusa ɗankwalina a bakin mai walƙiyar, na sa ƙanena ya danne maɓallan ya hura hayaƙin tabarsa. Ta wuri uku ya ɓullo. A baƙin, ko zare. Dillali ya rasa idon kallonmu, ya ba da baƙin a kan abin da tumakina biyu suka isa. Sa ya yi huɗa a shekarar.

Kai babu ɗankwali na koma ciki, gaban surukai, wannan kam na sha gori. Ban damu ba. Abin da ke ci min rai shi ne, har gashin ƙanena ya yi fari, duk sanda aka yaba muryar ƙarfen nan sai ya shafa kunnensa ya ce horon soja ne. Tumakin ma nawa ne.