Saura 'Yar Mai Katifa, Hajiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, takwas ga watan Oktoba, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran uwar ɗakina, Hajiya shugabar ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'armu, bayan jinyar kwana huɗu. Ni ne masinjanta, shekara ashirin da shida. Ban yi boko ba. Mai buga takardu ta bakin ƙofa ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Hajiya, manyan malamai sun riga sun lissafa muƙamanki da kwamitocin da kika riƙe, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni abin da zan faɗa ba ya cikin fayil.

Kowace shekara, cikin yaran da suka sami gurbi, akwai waɗanda ba sa zuwa rajista. Doka ta ce a jira ranar rufewa, sannan a ba wasu gurbinsu. Ba ki taɓa karya dokar ba. Amma saura mako biyu sai ki tura ƙofa, ki sa tabarau, ki baje fam ɗinsu a tebur kina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ki ce, "Baba, yaron da ya ci jarrabawa haka bai ƙi zuwa don raini ba. Akwai dalili. Je ka gano mini." Da yake ba na karatu, ba kya ba ni takarda. Sana'ar uban da layin gidan kike faɗa mini, ni kuma in zuba a ka, in ɗauki sandata.

Ba na manta ɗan mai haƙa rijiya. A cikin rijiya na same shi, yana miƙo wa ubansa ƙasa a guga. Ashe sau uku yana zuwa ƙofar jami'a, ya ga masu gadi da kaki, ya ga motoci na shiga, sai ya juya. Da na lallaɓo shi zuwa ƙofa na faɗa miki, kika bar taron da kike ciki, kika taka har ƙofa a tsakar rana. Kika ce masa, "Ɗana, waɗannan masu kakin kai aka ɗauke su su tsare. Shige gabana." Yau shi ke koyar da aikin injiniya a ginin da ke bayan namu, kuma har gobe in ya gan ni sai ya rusuna.

Irinsu suna da yawa. Wata saƙonta ya tafi wayar shagon da aka cika mata fam. Wani yana jinyar uwarsa, bai san ana iya ɗaga masa shekara ba. Duk suna nan a kaina, da fuskokinsu da ƙofofin gidajensu.

Rigimarmu ɗaya ce ni da ke. Kin so ki koya mini karatu, na ƙi. Biro nawa kika sa mini a aljihu na kai wa jikoki? Na ce miki takarda gara ke cinye ta, kaina kuwa ba ta ci. Kika ce, "Ina za ta ci, Baba? Ai haƙoranta za su karye." Yau da na ji maganarki, da na rubuta wa na baya yadda ake wannan aiki.

Ranar Larabar da ta zama ta ƙarshe a ofis, kina dafe da ƙirji kina cewa gajiya ce, kika ba ni mutum bakwai. Ranar Asabar na zo asibiti, maimakon ki amsa sannu sai kika ɗaga gira. Na ce uku na samu. Kika ce, "To me kake yi a nan?" Maganarki ta ƙarshe gare ni ke nan.

Hajiya, shida sun yi rajista. Saura 'yar mai katifa.

Kin ce ubanta na ɗinkin katifa a bayan tsohuwar tashar mota, shago na uku daga famfo, kuma karatun haɗa magunguna aka ba ta, babu wanda ya kai ta maki a cikin bakwai ɗin. Na je. Babu shago, babu famfo. An rushe layin gaba ɗaya ana faɗaɗa titi, sai ɓaraguzai da tsumman auduga. Lambar da ke fam ɗinta ta mai shagon kwamfuta ce. Ya ce, "Baba, yara nawa na cika wa fam? Ai sai dai ka yi haƙuri." Mai gyaran rediyo na tsallaken titi ya ce ya ga sun kwashe kaya a motar a-kori-kura, sun yi gabas. Gabas kuwa ba ta da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Na sami mataimakinki, wanda ke riƙe da kujerar yanzu. Yaron kirki ne, ke kika raine shi, har ya tashi ya ba ni wurin zama. Na roƙi ƙarin mako guda. Ya ce, "Baba, wallahi ba a hannuna yake ba. Alhamis ƙarfe goma sha biyu na'ura ke rufewa da kanta." Na ce a ba ni makullinta in riƙe. Ya yi dariya, sai kuma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce akwai wani yaro a layin jira, shi ma ɗan mutane ne. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo.

Yau Litinin, kwana takwas da rasuwarki. Gwiwata ta kumbura. Na zaga masu katifa tara, saura na hayin gada da na bakin kasuwar katako. Abin da ke cin raina, ƙila yarinyar nan tana zaune tana tura wa ubanta auduga, ta ɗauka faɗuwa ta yi. Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, in ya san mai katifar da aka tasa daga bayan tsohuwar tasha, ya gaya masa 'yarsa ta ci, kujerarta na jiranta zuwa Alhamis kafin ƙarfe goma sha biyu. Ta zo ko da hannu wofi, ta tambayi tsohon masinja. Ina kan bencin ƙofa.

Allah Ya jiƙanki, Hajiya, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa, Allah Ya buɗe miki ta Aljanna, kada Ya bar ki tsaye a waje.

Ga Alhaji maigidanta, da 'ya'yanta huɗu, da ƙannenta, da abokan aiki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayanta. Na ji an ce babban ɗanta ya tambaya, wai ina Baba, tun daga maƙabarta ba a sake ganinsa ba. Ɗana, ka yafe mini. Ba raini ba ne, ba kuma mantuwa ba. Uwarku ce ta aike ni, ban dawo ba tukuna. In Allah Ya sa na sami yarinyar, tare za mu zo muku gaisuwa.