Kalmar da Ta Hana Baba Yin Wasiyya

Ni ne nake rubuta wa dattawan ƙauyenmu takardu, tun daga na cinikin gona har wasiyya. Abin da ke cikin kwamfutata, in ya fita, gidaje da yawa sun daina gaisawa ke nan. Shi ya sa da ta lalace na garzaya da ita Kano a tsorace.

Mai gyara ya ƙara min tsoro. Ya ce a kowace kwamfuta akwai wata 'yar manhaja da ke farkawa kafin komai, kamfani ya kulle ta, ba wanda ya san abin da take yi. Ya nuna min wata kwamfuta tsohuwar yayi mai nauyin tsiya, ya ce ita ce ke karɓar buɗaɗɗiyar manhaja, wadda masana suka bincike cikinta. Ga sababbi suna ƙyalli a gefe, amma ita na rungumo a mota har Tsanyawa.

Ranar kasuwa wan mahaifina ya zo. Yana so ya bar wa jikarsa gonar bakin rafi, don ubanta ya riga shi rasuwa, ba ta da gado. Ba ya so 'ya'yansa su ji sai bayan ransa. Ni kuma bakina ba ya shiru, ga ɗokin sabon abu.

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, wannan kwamfutar buɗaɗɗiya ce."

Ya dube ni. "Buɗaɗɗiya? Ni rufin asiri na zo nema."

"Tsarinta ne a buɗe, ba takardarka ba. Kamar ka leƙa rumbu ne ka tabbata ba ɓera, sannan ka rufe."

"To in kowa ya leƙa, me ya rage a rufe?"

Na ce mu rubuta da biro a takarda. Ya ce sai ya yi tunani, ya sa takalmansa.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Sau uku ina zuwa gidansa, kullum sai na tarar da ɗaya daga 'ya'yansa a zaure. Kafin a yanke gero ya rasu.

Ranar rabon gado, malam ya tambaya ko mamacin ya bar wasiyya. Ba mai shaida sai ni. Duk da haka na faɗi abin da ya gaya min.

Babban ɗansa bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "To ina takardar? Ba kai ne mai kwamfuta ba?"