Ɗan Kunne a Ƙarƙashin Gado

A shekarar 2012 ina aikin lodi a wani sito a Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, ɗakinmu ɗaya da wani dattijo ɗan Maraɗi mai fama da ciwon gwiwa. A bayan masaukinmu tumfafiya ta fito cikin rairayi, irin ta gida sak. Yakan tsinko ganyenta ya gasa ya ɗaura a gwiwa, ragowar ya tura ƙarƙashin gado.

Ana nan sai aka ce kayan adon mata sun ɓace daga wata kwantena, za a binciki ɗakuna. Wanda aka kama zai sha ɗauri, sannan a tasa ƙeyarsa gida.

Ranar Juma'a da safe na ji dattijon ya saki salati. Na leƙa. A jikin ƙarfen gadonsa ga wani abu yana lilo, kore shar, sumul, da ɗigo-ɗigon zinariya. Wallahi gabana ya faɗi. Ni da na tashi a tsakiyar birnin Kano, ban taɓa ganin irinsa ba sai a kunnen mata.

"An yi mini sharri, ɗana," in ji shi. "C'est fini, tawa ta ƙare. Me zan ce wa iyalina?"

"Baba, mu jefar."

"In an gan mu fa?"

Ya cire shi, ya sa a kwalin ashana. Ya yi kwanaki abinci ba ya shigarsa. Daga ƙarshe ya ce gara ya miƙa da kansa. Na raka shi ofishin shugabanmu, wani Ba'indiye.

Dattijon ya buɗe kwalin. Ɗan kunnen ya tsage, ya zama fanko. A gefensa wani abu na motsi, ruwan goro da baƙi da ɗigon fari. Malam-buɗe-littafi! Ƙato da ni, na saki baki.

Shugaban ya yi dariya har da hawaye. Ya ce tsutsar nan mai zane da ke cin tumfafiya ce take rataye kanta ta koma haka, kuma dafin ganyen ke hana tsuntsu cinta. In malam-buɗe-littafin ya fito, dole sai ya sami wurin lilo fukafukansa su miƙe kafin su bushe.

Namu bai samu ba. Fukafukansa sun bushe a cukurkuɗe cikin kwalin.

Dattijon ya tsira da aikinsa, amma ko murmushi bai yi ba. Ya fito waje da malam-buɗe-littafin a tafin hannu, ya tsuguna cikin rana yana hura masa iska a hankali.

"Yalla," yake cewa, "tashi mana."

Bai tashi ba.